Mabuɗi na Goma Sha Ɗaya

Ni ne Torfi, mai gadin makarantar bakin gaɓa,
can arewacin Aislan, inda titi ya ƙare.
Shekara talatin ina jan koma a teku,
gwiwa ta gaza, jirgi ya sallame ni.
Yanzu sai tsintsiya, da mabuɗai goma a ƙugu.

A garinmu in hunturu ya zauna,
rana kan leƙo kamar mai bin bashi da kunya,
ta juya kafin a ce mata sannu.
Dare ya yi wa yara yawa.
Sai bayan rumbun kifi, inda fitila ta mutu,
kwalba na yawo daga hannu zuwa hannu.
Ni ke tsince murafen da safe,
na fi kowa sanin lissafin.

An taɓa ɗauko mai farar riga daga birni,
ya haska musu hoton hanta da ta ruɓe,
ya ce ga makomarku nan.
Suka yi masa tafi.
Ylfa ta zana hantar a bangon littafinta,
ta yi mata gashin baki.
Washegari murafe sun ƙaru da biyu.

Sai shugabarmu Sunneva ta same ni a matakala,
ta ce, Torfi, bakina ya gaji.
Ga mabuɗin tsohon zaure,
ka bar shi a buɗe har goman dare.
Na ce, wa zai biya wuta?
Ta ce, iyaye sun sa hannu,
kuma za su riƙa zaga gari bibbiyu.

Muka jawo kwale-kwalen da ya shekara tara a kife.
Wasu suka ɗauki ganga a wancan lungu,
wasu kokawa, wasu ba su ɗauki komai ba
sai ɗumi da shayi. Wannan ma zuwa ne.

Kolbeinn ya shigo a mako na biyu,
ɗan sha biyar, rigar sanyinsa ta rinjaya gefe guda.
Na ji ƙarar gilashi.
Na tuna ƙanena Steinar,
wanda muka yi ta yi wa faɗa har bakin kabari.
Na haɗiye nawa faɗan,
na miƙa masa katako da guduma,
na ce, aikin nan hannu biyu yake so.
Ya dube ni, ya dubi ƙusar bango,
ya rataye rigar.

Ana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.
Gaskiya ne, amma mu masu jirgi mun san saura:
ko wanda ya soma bushewa yana lanƙwasuwa
in ka ba shi tururi, ka kuma jira.
Ka gaggauta, ya tsage a hannunka.

Ranar Alhamis ta bakwai bai zo ba.
Uwar Ylfa da mai gidan burodi suka tsince shi
a bayan rumbu, yana amai kan ƙanƙara.
Ban yi barci ba. Steinar ya kwana a kaina.

Litinin na gan shi tsaye a ƙofa,
ƙafa ɗaya ciki, ɗaya a waje,
ido a ƙasa, yana jiran hukunci.
Na ce, haƙarƙarin hagu na nan yadda ka bar shi,
ba wanda ya san inda ka tsaya.
Rufe ƙofar, sanyi na shigowa.

Ban ce an ci yaƙi ba.
Jiya ma na tsinci murafe uku,
inda a da nake cika aljihu.
Kwale-kwalen bai taɓa ruwa ba tukuna,
Ylfa na gardama kan launin fenti,
kuma har yau ba mu ba shi suna ba.
Goma ta buga, ina kaɗa mabuɗi,
Kolbeinn ya ce, saura ƙusa ɗaya.
Kullum saura ƙusa ɗaya.
Na koma na zauna.